Kwalayen A'i da Amalanken Baba Sale

Tun da na dawo daga Guangzhou ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a majalisarmu ta bakin titi, har wurin mai gyaran mota, kowa sai ya ce, "Barista, yaya Sin ɗin take?" In na fara labarin jirgin da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa sai a gyara zama, in na gangaro kan shara sai kowa ya tuna yana da uzuri. To ga shi na rubuta, wanda ya gaji ya tsallake. Amma in faɗa tun yanzu, shara ce ta kai ni, kuma labarinta na fi dawowa da shi.

Ni ne lauyan ƙaramar hukumarmu. Bara, bayan amai da gudawa ya yi mana ɓarna a unguwannin bayan kasuwa, ciyaman ya sa na tsara doka: duk sharar da ta fito daga gida ko shago, ɗan kwangilar ƙaramar hukuma kaɗai zai ɗauka, jujinmu kaɗai za a kai ta. A sashe na bakwai na rubuta da hannuna cewa duk wanda aka kama yana tara kwali ko roba ko ƙarfe ba da izini ba ya yi laifi, kuma za a ƙwace abin da yake ɗaukar kayan da shi. Kansiloli suka amince, ni kuwa na yi kwana biyu ina jin kaina.

Mutum na farko da sashen ya faɗa wa shi ne Baba Sale, wani dattijo da ke bin shagunan kasuwa da amalanke, masu shago suna ba shi kwalaye, yana kai wa masu saye. Tun ina ɗan makaranta nake ganinsa a bakin wannan aiki. Aka ƙwace amalanken aka kulle a sakatariya, ya koma zaman gida da iyali a wuyansa. 'Yan bola jari suka haɗa kai suka kai mu Babbar Kotu, suka ce dokar ta wuce hurumin da kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma.

Alƙalai a sanina iri biyu ne. Akwai mai duban manufar doka, ya tambayi me aka so a gyara, ya faɗaɗa kalma har ta kai can. Akwai kuma mai cewa abin da aka rubuta shi zai karanta, in bai isa ba a koma majalisa a ƙara. Ni na shirya wa na farko, da hotunan kwatoci da labarin gawarwaki, sai Allah ya haɗa ni da na biyu, wata Mai Shari'a da ba ta son dogon Turanci. Ta bar ni na gama zuba, sannan ta ce, "Kundin ya ba ƙaramar hukuma kwashe shara, ban musa ba. Ku zo min da amsa ɗaya: mene ne shara, kuma daga wane lokaci abu yake zama ita?" Ta ɗage zama sai bayan hutun kotu.

A cikin hutun ne ciyaman ya tura mu Sin mu dubo kwandunan shara da kekunan kwasarta, ni da Malam Garba, shugaban duba-gari. Malam Garba mutum ne siriri mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma shi ya ɗauki yara da hannunsa zuwa asibiti lokacin annobar. In ka ambaci 'yan bola jari a gabansa sai jijiyar wuyansa ta tashi, don wasunsu kan farke buhun shara su ɗauki abin da suke so, su bar saura iska ta kai kwata. Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, inda muka yi zaman jira har gindi ya yi tsami. Malam Garba bai taɓa hawa jirgi ba sai na Hajji, saboda haka da aka kawo abinci ya tambayi ma'aikaciyar da Hausa ko naman yankakke ne. Ta yi murmushi, shi ma ya yi, ya ci burodi ya mayar da saura. A jirgi na biyu rabin kujerun 'yan kasuwarmu ne, har da wata Hajiya daga Kumasi da ta yi mana nasiha kamar za mu yaƙi: kada mu raba jiki da fasfo, kada mu yi gardama da ɗan sanda, kada mu ci abin da ba mu san sunansa ba.

A filin jirgin Guangzhou na'ura ta ɗauki zanen yatsunmu, jami'in ya dube ni ya dubi hotona, ya buga hatimi. Muna cewa mun tsira sai aka tsayar da jakar Malam Garba. Kilishi ne a ciki, ɗauri guda da uwargidansa ta saya masa, an naɗe shi da takarda har ninki uku. Jami'ar kwastan ta nuna masa allo mai hoton nama da jan layi a kai. Ya yi bayani da Hausa, ya yi da Turanci, ya ɓalli ɗan gefe ya ci a gabanta don ta ga ba guba ba ce. Ta ba shi haƙuri da hannu, ta saka safar hannu, ta jefa ɗaurin a wani babban kwando mai murfi.

"Barista, kana gani?" ya ce da ni. "Abinci lafiyayye. Don kawai mai kaki ta ce shara ne, shi ke nan ya zama shara?"

Na ce masa ai doka ce. Ya harare ni, muka ja jakunkuna muka fita.

Mai masaukinmu Alhaji Isufu ne, mutumin Maraɗi, wanda ke da ofis a benen Tianxiu a unguwar Xiaobei, yana yi wa 'yan kasuwa dillancin kaya da lodinsu zuwa gida. Ya daɗe a garin har yana faɗa da Sinanci. Gidansa na hawa na tara a wani bene da ba shi da nisa da ofis, ɗaki biyu da falo, kuma falon rabinsa samfurin kaya ne. Kafin mu sha ruwa ya ja mu ofishin 'yan sanda aka rubuta inda muka sauka, don a can baƙo ba ya kwana a gidan mutum hukuma ba ta sani ba. Malam Garba ya ce a garinmu baƙo kan yi wata uku mai unguwa bai san da shi ba, Alhaji Isufu ya ce shi ya sa a garinku ake neman ɓarawo da ƙuri'a.

Kalmomi huɗu ya koya mana ya ce sun ishe mu: nihaw gaisuwa, sheshe godiya, lawban maigida, meyo babu. Meyo ce muka fi ji. Ka nemi takalmi lamba arba'in da biyar, meyo. Ka nemi shayi da madara irin namu, meyo. Abinci kuwa, ya nuna mana shagunan Musulmin ƙasar masu koren allo, inda ake jan taliya da hannu a gabanka a zuba ta cikin romon naman sa. Daɗi kam akwai, sai dai da tsinke biyu ake ci. Na yi fama har romo ya yi wa babbar rigata ado, Malam Garba kuwa ya wanke hannu ya yi bisimilla ya ci abinsa kamar a gida, mai shagon yana leƙowa yana dariya. Ranar da kewa ta dame mu aka kai mu wani gida da wata 'yar zangon Gana ke tuƙa tuwo da miyar ayoyo, wato lalo.

A wurin tuwon muka haɗu da Malama Rabi, malamar jami'a daga Zariya da ke karatun digiri na uku a fannin shari'a a nan garin. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta ajiye loma. Malam Garba ya tambaye ta ko a nan mai tara kwali zai iya kai hukuma kotu ya ce dokarta ta saɓa wa tsarin mulki. Ta ce mutum na iya ƙarar jami'i in ya zalunce shi, amma kotu ba ta soke doka don ta saɓa wa kundin, wannan aikin majalisar ƙasa ne.

"Kin ji ƙasa," in ji Malam Garba. "A bar mutum ya yi aikinsa."

"Malam, yau kai ne mai kaki," ta ce. "Ranar da kake wancan gefen, za ka so a ce akwai wadda za ta tambayi mai kaki inda ya samo ikonsa."

Sai ya ce a ƙaro miya. Ni kuwa na san maganar ni ta fi shafa.

Mun je masana'antar kwandunan a bayan gari, mun ga kekunan, mun rubuta abin da za mu rubuta. Wata rana kuma Alhaji Isufu ya ɗauke mu a mota zuwa Shiling, garin jakunkuna, inda kowane lungu ƙamshin fata yake yi kamar ka shiga wurin dukawa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin Malam Garba yana ƙasan benenmu. Kwanduna huɗu ne a jere ƙarƙashin rumfa: kore na ragowar abinci, shuɗi na kwali da roba da abin da za a sake sarrafawa, ja na batir da magani, toka-toka na sauran tarkace. Safe da yamma ake zubarwa, kuma akwai wani dattijo mai jan ƙyalle a dantse da ke tsaye da dogon awartaki, yana buɗe ledar kowa yana dubawa. Malam Garba kan sauko da sassafe ya tsaya yana kallo kamar mai kallon ƙwallo. Wata safiya na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce da a ce haka bayan kasuwarmu yake, da yaran nan suna raye.

Akwai kuma wata tsohuwa 'yar guntuwa mai keke mai ƙafa uku da nake gani a harabar, kullum da igiya a kafaɗa. Na ji Alhaji Isufu da sauran Hausawan benen suna kiranta A'i. Raina ya yi fari, na ce ashe har nan sunan A'ishatu ya iso. Kwana uku ina yi mata sallama cikakkiya, tana gyaɗa kai tana cewa nihaw. Sai da na tambayi Alhaji Isufu ko tana zuwa masallacin Juma'a ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ayi a harshensu kamar ka ce inna ne ko gwaggo, duk macen da ta manyanta haka ake kiranta. Bakin Bahaushe ne ya mayar da ita A'i, ita kuma ta karɓa.

Ana jibi za mu taso na yi aika-aikar da ta sa nake wannan rubutu. A bakin ƙofar Alhaji Isufu akwai tarin kwalaye da aka baje aka jingina da bango, sun yi kwanaki. Na ce a raina mutumin nan ya daɗe a Sin amma halin gida bai sake shi ba. Bayan sallar asuba, gari ya waye, shi yana wanka, na kira Malam Garba muka kwashe su kaf muka sauka. Na sa ya riƙe waya ya ɗauke ni hoto don rahotonmu: ga lauyan ƙaramar hukuma yana zuba kwali a shuɗin kwando. Dattijo mai jan ƙyalle ya ɗaga min babban yatsa, na ce sheshe da ƙarfi.

Muna juyowa sai ga A'i ta fito daga benen da igiyarta a hannu, ba ta ɗauko komai ba. Bayanta Alhaji Isufu ne da jallabiya, ko hula bai sa ba. Ya dubi kwandon, ya dube ni.

"Barista, mi ya kai ka? Wanga kaya na A'i ne. Shekara da shekaru ni ka tara mata, ranar Laraba ta hau ta amsa."

Na ce to ai ga su nan, ba su je ko'ina ba, bari in fito da su. Na miƙa hannu, sai dattijon ya tare ni da awartakinsa, ba da faɗa ba, yana girgiza kai. Alhaji Isufu ya yi magana da shi, ya yi da ita, sannan ya fassara min. A wannan harabar, abin da ya shiga kwando na motar kamfanin kwasa ne, dattijon shi zai amsa tambaya in aka ga ana zarowa. A'i kuma ba ta taɓa sa hannu a kwando ba, ba yau za ta fara ba. Abin da mai shi ya ba ta kawai take ɗauka.

Na ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba. Na shiga sharo ba shanu, na ɗauke wa tsohuwa abincin mako guda don in fito a hoto. Na ce Alhaji Isufu ya ba ta haƙuri. Ta yi 'yar dariya, haƙoranta biyu na gaba babu, ta faɗi wata magana tana nuna hannuna, sannan ta nuna kwandon.

"Ta ce mi?" in ji Malam Garba, har ya ari bakin Maraɗi.

Alhaji Isufu ya ce, "Ta ce ɗazu da suna hannunka kaya ne. Kai ka maishe su shara."

Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Watanni ina juya littattafai ina neman amsar Mai Shari'a, ina neman wadda za ta ba mu nasara, ga shi wadda ba ta san da shari'ar ba ta ba ni wadda za ta kayar da ni. Kwalin da mai shago ya miƙa wa Baba Sale bai taɓa zama shara ba. Mai shi bai yar ba, kyauta ya yi. Ikon ƙaramar hukuma yana farawa ne daga inda mai abu ya sake shi, ni kuwa na miƙa hannun doka har cikin shagon mutum.

Ranar ban yi wani abin kirki ba sai bin shagunan Tianxiu hawa-hawa ina cewa lawban, ina nuna kwali. Wasu suka ce meyo, wasu suka ba ni suna mamakin wannan Alhaji mai babbar riga da ke roƙon kwali. Malam Garba ya bi ni yana mita, amma shi ya ɗauki mafi nauyi. Washegari da safe muka miƙa wa A'i. Ta ɗaure su a keke da ƙulli ɗaya, ta ba mu lemo biyu daga aljihunta.

A jirgin dawowa na gaya wa Malam Garba abin da zan yi. Aka kawo shayi, ya kurɓa. Sannan ya ce shi dai kada a taɓa masa hukuncin masu farke buhu a juji, don waɗannan ba wanda ya ba su. Na ce wannan yana nan daram, shi ne ma hurumin namu na gaskiya.

Ciyaman ne ya ba ni wuya. Ya ce an tura ni dubo kwando na dawo da tawaye, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce, "Ranka ya daɗe, askin nake yi. In muka dage a kan sashe na bakwai, Mai Shari'ar nan za ta iya rushe dokar gaba ɗaya. In muka sake shi, saura ya tsira." Ya daɗe yana kaɗa makulli a tebur. Daga ƙarshe ya ce in je in faɗi abin da zan faɗa, amma in annoba ta dawo sunana zai fara kira. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Ranar zama na miƙe na ce, "Ya Mai Shari'a, shara ita ce abin da mai shi ya yar. Abin da ya miƙa wa wani hannu da hannu, ko kyauta ko sayarwa, dukiya ce, kuma kundin bai ba mu iko a kanta ba." Lauyar masu ƙara ta juyo tana kallona kamar na yi tuntuɓen harshe. Mai Shari'a ta dube ni ta saman tabarau ta ce wannan ne karo na farko da na yi magana gajeriya a gabanta. Ta soke sashe na bakwai, ta bar sauran dokar, ta ce a mayar wa Baba Sale amalankensa.

Ni da kaina na raka shi sakatariya. Mai kula da sito ya kai mu bayan gini, inda amalanken ya sha damina guda a fili. Katakon ya ruɓe, taya ɗaya ba ta nan, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafan. Na rasa inda zan sa idona.

"Baba, wannan ai ya tashi daga aiki," in ji mai sito. "Ka ɗauka kawai, dama juji za mu kai shi."

Baba Sale ya durƙusa ya ƙwanƙwasa gatarin da ɗan yatsa, ya saurari ƙarar. Ya ce ƙarfen da ransa, maƙeri zai tashe shi. Amma bai taɓa shi da niyyar ɗauka ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya juyo gare ni.

"Barista, na ji abin da ka faɗa a kotu, an fassara min. Wannan ya ce na juji ne. Ni ba na ɗaukar na juji. Kama ka miƙo min."

Na naɗe hannun riga, na cusa hannu cikin ciyawar, na ɗago mariƙin amalanken da tsatsarsa na ja shi har gabansa. Ya karɓa, ya ce Allah ya yi albarka. Muka fito da shi ta babbar ƙofa, shi yana turawa, ni ina ɗage gefen da babu taya.